Richard Wilbur da wasan Moliya: in riƙe amsa-amo a fassarar Hausa ko in sake shi?

Malamin Faransanci, Tudun Wadan Gombe

Assalamu alaikum. Tambayata guda ce, amma sai na yi mata shimfiɗa, don haka ku yi mini haƙuri.

Shekara tara ke nan ina koyar da Faransanci a wata sakandare a nan Gombe. Darasi biyu kowane aji ke samu a mako, kuma da yaro ya gama aji uku sai ya ajiye Faransancin kamar ya mayar da kayan aro. Abin da ya riƙe mini 'yan kaɗan daga cikinsu shi ne ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ranar Laraba muke haɗuwa bayan an tashi, a gindin wani dogon yaro da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Bana suka matsa lallai sai mun yi wani abu ranar yaye ɗalibai. Na ce to, mu ɗauko fitowa guda daga Tartuffe na Molière, marubucin wasan kwaikwayon nan na Faransa, wanda a aji muke ce wa Moliya, mu yi ta da Faransanci, sannan mu maimaita da Hausa don iyaye su san abin da ake yi wa dariya.

Ga wanda bai san wasan ba. Wani attajiri ne a Paris mai suna Orgon ya haɗu da wani mutum mai suna Tartuf a majami'a, kullum yana durƙushe yana addu'a yadda kowa zai juyo ya dube shi, sai ya kwaso shi ya kawo gida. Kowa a gidan ya gane mayaudari ne, ban da maigidan da tsohuwarsa. Fitowar da na zaɓa tana farko-farkon wasan. Orgon ya dawo daga tafiyar kwana biyu, ya tambayi 'yar aikin gidan, Dorine, lafiyar gida. Ta ce uwargida ta yi fama da zazzaɓi da ciwon kai. Shi kuwa sai ya ce, Tartuf fa? Ta ce lafiyarsa lau, har ya yi ɓul-ɓul. Ta ce uwargida ko loma ba ta iya kaiwa baki ba. Tartuf fa? Ai a gabanta ya zauna ya cinye makwarwa biyu da rabin cinyar rago. Haka aka yi ta yi har sau huɗu, kuma kowane karo Tartuf maigidan ke tausaya wa, matarsa ko oho. Wannan kalmar tausayin ba ta wahalar da ni ba. Wata yarinya 'yar aji biyar ce ma ta kawo ta tun kafin in rufe baki: “Allah sarki, bawan Allah!” Duk wurin ya ɗauki dariya, na san ta samo ta.

Sauran ne suka tsaya mini a wuya. Faransancin shekarun 1660 ba irin wanda muka koya a cibiyar koyon Faransanci ta Badagry ba ne, kuma wasan gaba ɗayansa waƙa ce: ɗango 1,962, kowane ɗango gaɓa 12, kowane ɗango biyu da amsa-amonsu. Da na zuba fitowar a zube, ma'ana ta fito daidai, amma da yaran suka karanta sai ta zama kamar ana ba da rahoton asibiti. Babu wanda ya murmusa sai an zo kan bawan Allah.

Ina cikin haka wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, wanda ya san ni da neman na Faransanci, ya miƙo mini wata fassarar wasan da Turanci. Bangon baya ya yage, a shafin ƙarshe wani ya yi lissafin kuɗin taki da fensir. Sunan mai fassarar Richard Wilbur, shekarar 1963. A daren babu wuta, da fitilar waya na karanta, ga Faransancin a cinyar hagu ga Turancin a ta dama. Mutumin nan bai saki amsa-amon ba ko sau ɗaya, ɗango biyu-biyu har ƙarshe, kuma maganar tana tafiya kamar mutane ne ke cacar baki a tsakar gida. Sai da na kai wajen ƙarfe biyu.

Kashegari na gwada nawa. Ga abin da na samu bayan yini guda:

Ya cinye rabin cinyar rago,
Ya koma ɗaki ya ja bargo.

Yaran sun so shi, har suna rerawa a hanyar gida. Amma ni raina bai kwanta ba, domin a waƙar Hausa da na sani amsa-amo ɗaya ake kamawa a ja shi tun daga baitin farko har na ƙarshe. Wannan sauyawa duk bayan ɗango biyu ina jin sa kamar ɗinkin da aka yi da zare kala-kala.

To ga tambayar. Wane ne wannan Wilbur, me ya sa ya ɗora wa kansa wannan wahala? Kuma ni, in bi sawunsa, ko in bar fitowar a zube in huta?

Tsohon malamin adabi, Yelwan Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na koyar da adabin Turanci shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma irin wannan littafin da ka tsinta yana nan a akwatina, sai dai nawa gara ta ci gefensa.

Abu na farko da ya kamata ka sani: Wilbur ba tafinta ne da ya koyi waƙa don aikin fassara ba. Mawaƙi ne tun asali, daga baya ya ba da aron gwanintarsa ga Moliya. An haife shi a New York ranar 1 ga Maris 1921, ya tashi a wata gona a North Caldwell cikin jihar New Jersey. Mahaifinsa mai zanen hotunan mutane ne, dangin mahaifiyarsa kuma 'yan jarida. Ya gama kwalejin Amherst a 1942, ya yi aure a shekarar, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe shi. Da runduna ta 36 ta sojan ƙasa ya yi yaƙin, a Italiya, wuraren Monte Cassino da Anzio, sannan Faransa har zuwa Jamus. A can ya fara rubuta waƙa da gaske. Ya sha bayyana cewa lokacin da duniya ta hargitse masa ne ya ji yana bukatar abin da zai shirya da hannunsa ya ga ya zauna daidai. Ka riƙe wannan, domin shi ne rabin amsar tambayarka. Mutumin da ya koyi ƙirga gaɓa a cikin rami ana ruwan harsashi, ba zai ɗauki kari da amsa-amo a matsayin kwalliya ba.

Bayan yaƙi ya tafi Harvard, ya sami digiri na biyu a 1947. A can ya yi abota da wani matashin mawaƙi Bafaranshe, André du Bouchet, wanda shi ne ya ga waƙoƙinsa ya tura su wajen masu ɗab'i. Littafinsa na farko, The Beautiful Changes, ya fito a 1947 yana da shekara 26. Things of This World na 1956 ya kawo masa kyautar Pulitzer da ta National Book Award a 1957. Ya sake cin Pulitzer a 1989. A 1987 aka naɗa shi mawaƙin ƙasa na Amurka, shi ne na biyu da ya riƙe muƙamin da wannan suna, bayan Robert Penn Warren. Duk tsawon wannan lokaci alli na hannunsa kamar ni da kai: Harvard, Wellesley, shekara 20 a Wesleyan, sannan Smith. Ya rasu ranar 14 ga Oktoba 2017 yana da shekara 96.

Yadda ya faɗa hannun Moliya kuwa, a farkon shekarun 1950 ne ya sami tallafi ya tafi New Mexico don ya rubuta wasan kwaikwayo na kansa cikin waƙa. Abin ya ƙi. Sai ya ce bari ya fassara na gwani ko ya koyi yadda ake yi, ya ɗauko Le Misanthrope, wasan mutumin nan da ya rantse sai ya faɗa wa kowa gaskiya ko da za ta raba shi da kowa. Aka fara nuna fassarar a 1955 a wani ƙaramin gidan wasa na mawaƙa a Cambridge ta jihar Massachusetts. Wasan nasa na kansa bai zo ba, amma Moliya ya zauna masa har tsufa. Tartuffe a 1963, L'École des femmes a 1971, Les Femmes savantes a 1978, haka dai har wasa goma. Ya taɓa na Racine, wato Andromaque da Phèdre, da na Corneille. Shi ne kuma ya rubuta mafi yawan baitocin wasan waƙe na Candide na Leonard Bernstein a 1956.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ka ce bai saki amsa-amo ba, gaskiya ne. Amma ka ƙirga gaɓoɓin ɗangonsa. Ba 12 ba ne, 10 ne. Ɗango mai gaɓa 12 da hutu a tsakiya shi ne kayan gadon Faransawa, a Turanci kuwa yana jan ƙafa. Sai Wilbur ya shiga rumbun gidansu ya ɗauko ma'aunin da kunnen mai jin Turanci ya saba da shi tun zamanin mawaƙan Ingila Dryden da Pope, ɗango biyu-biyu masu gaɓa goma. Tsarin Moliya ya riƙe, ma'aunin kuwa na gida ya sa. Dalilinsa na riƙe amsa-amon ya faɗe shi a gabatarwar fassararsa ta farko, kuma kai ma ka gano shi da kanka a gindin dogon yaro: mutanen Moliya suna dogon jawabi, suna maimaita magana, suna gina hujja hawa-hawa, kuma amsa-amon ne ke gaya wa kunne inda hujja ta rufe, inda baƙar magana ta sauka. In ka cire shi, sai maimaicin ya zama surutu.

Ba kowa ne ya yaba masa ba, gara in faɗa. A lokacin da mawaƙan Amurka suka koma tona asirin kansu a waƙa, suna watsar da kari, an yi ta ce masa ya cika tsafta, ba ya fita daga layi. Ni dai ban taɓa karɓar wannan sukar ba. Wanda ya ga Cassino da idonsa ya zaɓi ya yi magana a natse, ba ni ne zan ce masa bai san tashin hankali ba.

Shawarata: kar ka koma zube. Amma kar ka kwaikwayi Turancinsa. Ka yi abin da ya yi, ka nemi ma'aunin a gidanku.

Hajiya, tsohuwar shugabar makaranta, Bauchi

Ɗana, ni ba ta amsa-amo nake ba, ta ranar taron nake. Na shugabanci makarantar 'yan mata shekara goma sha ɗaya, na san yadda wasan yara na minti goma ke zama maganar gari ta wata uku.

Ka san tarihin wasan nan kuwa? A 1664 aka fara yin sa a gaban Sarki Louis na 14 a Versailles, nan take aka hana nuna shi ga jama'a saboda manyan majami'a sun ce da su ake. Babban limamin Paris har barazanar korar mutum daga majami'a ya yi ga duk wanda ya kalla ko ya karanta. Sai a 1669 aka sake shi. Wannan fa a ƙasarsu ke nan, ga sarki yana son marubucin. Kai wa zai tsaya maka?

In ka sa wa yaro rawani da carbi ka ce shi ne Tartuf, wallahi akwai uban da zai tashi daga kujera ya ce an zagi malamai. Kuma fitowar nan da ka zaɓa, in ban manta ba, a ƙarshenta akwai inda ya kwankwaɗi giya kofi huɗu da safe wai don ya mayar da jinin da aka zubar wa uwargida. Me za ka yi da wannan? Ban ce kar ka yi ba. Ka fara kai wa shugaban makarantarku rubutun ya karanta, ka kuma nuna wa malamin addinin makarantar tun kafin yara su haddace. Wancan wurin da matar ta ɓoye mijinta a ƙarƙashin tebur don ya ji da kunnensa yadda baƙon ke nemanta, shi kam ko kusa kar ka kai yara.

Almajirin zaure, Bolari

Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin manya in sa baki, ko da yake ni Faransanci ko gaisuwa ban iya ba.

Abin da ka kira zare kala-kala ba baƙo ba ne a wurinmu. Alfiyyar Ibn Malik da muke haddacewa a nahawu, baiti kusan dubu, ai ba ƙafiya ɗaya, wato amsa-amo ɗaya, aka ja ba. Kowane baiti rabinsa na farko da na biyu ne ke amsa wa juna, baiti na gaba ya zo da tasa ƙafiyar. Haka littafin Ibn Ashir yake. Bahar ɗin rajazu ne, tsarin kuma muzdawij ake ce masa, wato mai aure biyu-biyu. Malamai sun zaɓe shi ne domin in magana ta yi tsawo, kuma kowace gaɓa da hukuncinta, ƙafiya ɗaya ba za ta ɗauke ta ba sai an tanƙwara ma'ana. To kunnen duk wanda ya zauna a zaure a Gombe ya saba da wannan sauyin. Iyayen da za su zo taronku da yawansu sun ji shi tun suna yara, ko da ba su san sunansa ba. Waƙar yabo da ta wa'azi su ne ke son babban amsa-amo guda har ƙarshe. Muhawara tsakanin mutum biyu kuwa, biyu-biyun ya fi dacewa da ita.

Gyara ɗaya zan yi wa baitinka, da ladabi. Na ga kowane ɗango gaɓa tara ne, alamar ƙirgawa ka yi irin ta Faransawa. A Hausa ƙirga ba ta isa ba, nauyi ake aunawa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar a aruli. Ka sami karin da ka sani, ka rera baitin a kai da ƙarfi. Duk inda harshenka ya yi tuntuɓe, ko ka ji kana jan wasalin da ba a ja a magana, nan ne karayar take.

Maganar Hajiya kuma gaskiya ce, a bi ta. Sai dai ina so in ƙara cewa tona asirin mai riya ba zagin malamai ba ne. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubutu mai zafi a kan malaman da yake kira ulama'us su'i, masu cin duniya da rigar addini. Kuma kowa a nan ya san gidan da wani mai siddabaru ya shiga ya raba miji da mata. In a wasan akwai mai hankalin da ke bambanta na gaske da na ƙarya, a sa shi ya yi magana, kar a bar mayaudarin shi kaɗai a fili.

Mai fassarar labarai a gidan rediyo, Bauchi

Baba na Yelwa, ka yi mini afuwa, zan ɗan saɓa maka. Aikina kullum fassara ne, kuma abin da aka fara koya mini shi ne kar ka sa wa mai magana abin da bai faɗa ba.

Malam, duba baitinka. A Faransancin gado mai ɗumi aka ce ya shiga. Babu bargo. Rago ne ya jawo bargo, ba Moliya ba. Makwarwa biyun kuma sun ɓace. A ɗango biyu kacal ka ƙara abu ɗaya ka zubar da ɗaya. In ka yi ɗango ɗari, nawa za ka ƙara?

Akwai wani Ba'amurken, shi ma mawaƙi, shi ma Richard, da ya bi ɗaya hanyar. Richard Howard, haifaffen Cleveland a 1929, ya rasu a 2022. Ya ci Pulitzer a 1970 da waƙoƙinsa na kansa, don haka ba za a ce bai iya ba. Ya fassara littattafai fiye da 150 daga Faransanci: Roland Barthes, Michel Foucault, Camus, Gide, Stendhal, har da wani ɓangare na tarihin yaƙin Janar de Gaulle. Da ya zo fassara Les Fleurs du mal na Baudelaire, wanda asalinsa cike yake da amsa-amo, sai ya ajiye amsa-amon ya bi ma'ana da hoto da tafiyar jimla. Fassarar ta ci babbar kyautar fassara ta Amurka a 1983. Ke nan hanya biyu ce, kuma kowacce gwani ya bi ta.

Wilbur ya iya riƙe duka biyun domin ya yi shekaru a kan wasa guda. Kai makonni gare ka.

Malamin Faransanci, Tudun Wadan Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana huɗu ban dawo ba domin na tsaya in yi aiki da abin da kuka faɗa kafin in amsa.

Ƙanwata ta rediyo, kin kama ni, babu bargo a Faransancin. Na koma na duba, na kuma yi ta juya maganarki. Amma ga inda na tsaya. Baudelaire a shafi ake karanta shi, mutum shi kaɗai, in bai gane ba ya koma baya. Fitowar nan kuwa a fili za a yi ta, da lasifika mai ƙara, yara na kuka a bayan rumfa, masu sayar da ruwan leda na kai da kawowa. Mai sauraro sau ɗaya zai ji. Amsa-amon ne zai gaya masa Dorine ta gama jifa, yanzu a saurari maigida. Kuma na lura da wani abu da Yaya na Yelwa bai ambata ba: cikin wasa goman nan akwai Dom Juan, wanda Moliya ya rubuta a zube, kuma Wilbur a zube ya fassara shi. Ke nan ba son amsa-amo ne ya rufe masa ido ba. Abin da mai wasan ya yi shi yake bi. Duk da haka maganarki ta sa na kafa wa kaina doka: ba zan zubar da komai ba. Makwarwa biyun sun dawo, na ba su nasu baitin. Bargon kuwa na bar shi, domin Bahaushe ba ya cewa gado mai ɗumi, in yana nufin mutum ya kwanta ya ji daɗi cewa yake ya ja bargo.

Malam na Bolari, ban san yadda zan gode maka ba. Na yi shekara biyu ina Alfiyya a wajen wani malami a unguwarmu kafin boko ya ɗauke ni, amma ko sau ɗaya ban haɗa ta da Moliya a raina ba. Ranar Laraba na rera wa yaran baitin farkonta, sannan na rera nawa a kan karin. Wani yaro da ke zuwa makarantar dare ya ce, “Malam, a ɗango na biyu kana gudu.” Gaskiyarsa. Mun zauna mu shida muna tafa hannu muna sauya kalmomi har aka kira la'asar. Yanzu muna da baiti goma sha ɗaya da suka zauna, saura kamar tara.

Hajiya, na bi umarninki. Shugabanmu ya karanta, malamin addini ma ya karanta, ya yi dariya a wajen bawan Allah, sannan ya ce in cire rawani. Dama a fitowar nan Tartuf ba ya bayyana, labarinsa kawai ake bayarwa, shi sai a kashi na uku yake shigowa. Don haka babu yaron da zai sa kayan malamai. Na kuma ƙara 'yan ɗangogi daga jawabin Cléante, ɗan'uwan matar, inda yake rarrabe mai tsoron Allah na gaske da mai yi don a gani, kamar yadda Malam na Bolari ya ce.

Giyar ce ta fi cin lokacina. A Faransa ta wancan zamani shan ta da abinci ba shi ne laifin ba, haɗamar ce abin dariya: mace ce aka zubar wa jini, ƙato ne ke ramawa. In na ce giya a Gombe, iyaye za su ji wani abu dabam, su ce ai mashayi ne a fili, wane irin maigida ne zai kira shi bawan Allah? Wasan ya rushe ke nan. Sai na mayar da ita fura, kwano huɗu, zubar da jinin kuma na ce an yi wa uwargida ƙaho. Na san wannan ya fita daga fassara ya shiga baddalawa, irin wadda Abubakar Imam ya yi da labaran wasu ƙasashe, kuma ban tabbata Wilbur zai yarda da ni ba, shi da ya bar Paris a Paris. A takardar shirin taro zan rubuta cewa an baddala, ba zan ce fassara ba.

Yaya na Yelwa, roƙo ɗaya. Nawa littafin shafuka huɗu sun ɓace daga kashi na ɗaya, daidai jawabin Cléante, kuma ina so in ga inda Wilbur ya yanka dogayen jimlolin nan kafin in yanka nawa. In gara ta bar maka wurin, ka ɗauka mini hoto da waya. Ranar Asabar kuma ina da ɗaurin aure a Bauchi, motar safe zan biyo, in ka ba ni izini in biyo ta Yelwa da baitocin ka saurara.

Tsohon malamin adabi, Yelwan Bauchi

Gara ta bar wurin, gefen shafi kawai ta ci. Kar ka damu da hoto, ka zo ka tafi da littafin, ka dawo mini da shi bayan taro. Ina gida daga azahar. Ka zo da baitocin a rubuce da manyan baƙaƙe, idona ba kamar da ba, kuma ka taho da na Faransancin mu ajiye su uku a tabarma.